Baba Alasan Mai Gaida Gadaje Ya Tafi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Alasan kafinta ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina tsugunne ina wanke kwanonin koko, sai Hajiya Ladi ta ɗakin kusa da namu ta ɗaga labule, ko sallama babu, ta ce, "Maman Nana, Baba Alasan fa ya cika." Na ce wane Alasan? Ta ce, "Alasan nawa kika sani mai gaida gadaje?"

Na zauna cikin ruwan wanke-wanken, ban ma sani ba.

Ku yi haƙuri da ni, jama'a. Magana nake yi a bakin waya tana rubutawa, ni ban yi lakwal ba, ban shiga makarantar boko ba. In kun ga zancen ya karkace, haka ya fito daga bakina, kuma yau bakin ma ba daidai yake ba.

Sun ce jiya aka kai shi lopital, wato asibiti, da asuba ya cika. Ni ban ma ji an kai shi ba. Ina nan ina jiransa, domin gadon 'ya'yana ya fara kuka tun ruwan nan mai yawa, kuma ban yarda kowa ya taɓa gadon nan ba sai shi.

Wanda bai san shi ba, rumfarsa tana bayan inda manyan motoci ke tsayawa a nan Zongo. Tsoho ne siriri, kullum garin katako a girarsa. Nan Kwatano aka haife shi, nan aka haifi babansa. Da mutane Hausa yake yi, amma in katako ya ɓata masa rai, da yaren Fon yake zaginsa. Ya ce katakon garin nan ba ya jin Hausa.

Yana yin ƙofa da tebur kamar kowane kafinta. Amma abin da aka san shi da shi, kayan nan ne da ake kwancewa a sake haɗawa. Gado, almuwar, wato kabad na sa tufafi, teburin yara, waɗanda ke zuwa falle-falle a kwali, da ƙananan ƙarafa a cikin leda.

Kun dai san zamanmu. Ɗakin haya, ƙofa ƙarama. Yau kana nan, gobe mai gida ya ce ɗansa zai kawo amarya, ka tashi. Ko ruwa ya shigo, a kwashe komai a ɗora sama. Gadon da ba ya kwancewa ba na 'yan Zongo ba ne.

Ni ta dalilin gado na san shi.

Lokacin da na haifi Mubarak, ɗaki ya yi mana kaɗan. Maigidana ya sayo gadon yara mai hawa biyu, irin na gwanjo da ake saukewa daga jirgi, a kwance, an ɗaure falankinsa da igiya. Na ce a kira kafinta. Ya ce, "Kafinta na me? Ni da nake kwance tayar tirela in mayar, gado ne zai gagare ni?"

Direba ne, yana jan tirela daga nan zuwa arewa.

Akwai ɗan makullin da ya zo tare da gadon, ɗan ƙarfe ne lanƙwasasshe, bai fi yatsa ba, mu nan kile muke ce masa. Maigida ya juya shi a hannu ya ce wannan ai abin wasan yara ne. Ya tafi mota ya ɗauko guntun bututun ƙarfe, ya zura kile ɗin a ciki, yadda suke yi in za su ɗaure taya. Ya dafa da gwiwa, ya ja, ya ƙara ja, yana cewa, "'Ya'yana ne za su hau, ba na son wasa."

Sai muka ji ƙas.

Falankin ya tsage ta wajen notin, gari yana zubowa kamar garin rogo. Maigida ya tsaya da bututu a hannu yana kallona kamar ni na fasa.

Hajiya Ladi ce ta aika aka kira Baba Alasan. Ya shigo da sallama, ya tsugunna, ya shafa wurin da yatsa. Can ya ɗago ya ce, "Direba, me gadon nan ya yi maka?"

Maigida ya ce, "Baba, a hanya noti mai sako-sako shi ke kashe mutum. Da idona na ga taya ta fita ta wuce motarta."

Baba ya ce, "Gaskiyarka. Kada ka bar wannan hali a hanya, Allah ya tsare ku. Amma can ƙarfe ne yake cizon ƙarfe. Nan ƙarfe ne yake cizon gari. Wannan da kake gani ba katako ba ne, garin katako ne aka kwaɓa da gam aka matse. In ka takura masa, haƙorin ƙarfen zai cinye wurin da zai riƙe. Kai kana ganin ka ɗaure, alhali ba abin da ya riƙe."

Bai yi masa dariya ba. Ni ce na yi, a cikin mayafi.

Ya tafi da falankin da ya fashe, ya yanko wani na katakon gaske daidai da shi. Da ya dawo bai ce maigida ya matsa gefe ba. Ya ce, "Direba, yau kai ne yaron mota. Riƙe nan." Haka suka haɗa shi tare, tsoho yana faɗa, direban tirela yana cewa to.

Ni ina gefe ina shayarwa, amma kunnena yana can.

Ya ce kada a ɗaure noti ɗaya a gama da shi tun sauran ba su shiga ba. A sa kowanne ya kama kaɗan, gadon ya tsaya da ƙafafunsa ya sami zamansa, sannan a zagaya ana bi ɗaya bayan ɗaya. Ya ce dogon gefen kile shi ake sawa a cikin notin, gajeren gefen shi ake riƙewa, don kada hannu ya sami ƙarfin yin ɓarna. Da yatsu ake juyawa, ba da damtse ba. In falanki ya haɗu da falanki babu tsaga a tsakani, kan notin ya zauna, a ƙara ɗan kaɗan, a tsaya.

Akwai kuma wasu masu kama da murfin kwalba, da ake nutsawa a jikin falanki a juya da sukudireba. Su ma ya ce ba su son a zagaya da su. "Ɗan juyi ne. Za ka ji ya kama, ya tsaya. In ya tsaya, ya tsaya. Dusman, Direba, a hankali."

Tun daga ranar, duk dawowar maigida daga arewa sai ya ajiye masa albasa a rumfa. Shi kuma ba ya kiransa da suna, sai "Mai Bututu".

Abin da ya sa muke ce masa mai gaida gadaje kuwa, ga shi.

Ya ce iskar Kwatano rabinta ruwa ne. In damina ta shigo, falanki ya sha danshi ya kumbura. In rana ta dawo, ya motse. Yara kuma suna tsalle a kai. Tsakanin wannan da wancan, notin da ka ɗaure daidai sai ya saki. Don haka duk shigowar ruwa, Baba zai rufe rumfa ya bi gidajen da ya taɓa haɗa wa kaya. Ba mai kiransa. Sai dai ki ji sallama daga ƙofa, "Masu gida, na zo gaida gado."

Har unguwar Gbégamey, duk nisanta, yana zuwa da ƙafa. An ce akwai wata mata da ta koma Fidjrossè can bakin teku, bai bar ta ba, ya ce ai nata gadon ya fi na kowa shan gishiri.

Ya shiga, ya kama ƙafar gado ya girgiza, ya kasa kunne kamar likita. Wani notin ya taɓa, wani ya wuce shi. In ya gama, ya manna kile ɗin a ƙarƙashin gadon da salatif, inda yara ba za su kai ba. Ya ce makullin gado a jikin gado yake kwana.

Shi ya goge mini duk kusurwoyin gadon da sanfefa, saboda Nana ta taɓa buga goshi.

Shi ya ƙara katakon kariya a sama ranar da Nana ta koma kwana can, ban ma roƙe shi ba.

Ranar da zazzaɓi ya sa Mubarak sanƙarewa, maigida yana hanya, na fito da gudu ba takalmi ba mayafi. Baba ne ya tsaya tsakiyar titi ya tare mai zem, wato mai babur na haya, ya cire rawaninsa ya yafa mini, ya ce wa mai babur ɗin magana da Fon, ban san me ya ce ba, amma mutumin bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar lopital.

Ni marainiya ce, ban tashi da uba ba. Shi ne mutum na farko da ya ce mini "ɗiyata" na ji maganar ta shiga.

Ganinmu na ƙarshe, farkon daminar nan ne.

Ya zo gaida gado kamar kullum, amma ya daɗe a bakin ƙofa yana maida numfashi. Ya ciro kile daga ƙarƙashi, ya sa a noti, sai na ga hannunsa yana rawa. Ya gwada, ya cire. Ya sake gwadawa, ya cire. Ya ce, "Ɗiyata, hannun nan ya fara yi mini ƙarya. Ba na jin inda ƙarfe ya tsaya. Zo ki karɓa."

Na ce, "Ni, Baba? Ni da ko sunana ban iya rubutawa ba?"

Ya ce, "Gadon ya ce ki rubuta masa suna? Ke ba ke ce kike ɗaure goyo ba? In kin sassauta zani yaro ya zame, in kin matse ya kasa numfashi. Wa ya koya miki tsakiyar? Zo nan."

Na tsugunna. Ya gyara mini riƙo, gajeren gefe a yatsuna. Na juya, na juya, sai na ji abin ya yi nauyi. Na ɗago na dube shi. Ya ce, "Kada ki dube ni, ni ba noti ba ne. Me yatsunki suka ce?" Na ce sun ce ya zauna. Ya ce, "To ɗan kaɗan." Na ƙara. Ya ce, "Sake shi."

Haka na bi na ƙasa duka, yana zaune a kan kujerar tsugunno yana kallo.

Da muka zo na sama, masu riƙe da inda Nana ke kwana, sai na ajiye kile. Na ce Baba wannan kam ba zan iya ba. In na ɓata na ƙasa, yaro zai faɗo tazarar taku ɗaya. In na ɓata na sama, Nana za ta faɗo da falanki da katifa a kan Mubarak. Na ce ka bari sai ka ji sauƙi.

Bai matsa mini ba. Ya girgiza saman ya ce zai ɗan kai mu tukuna. Ya sha ruwa, ya ce, "Zan dawo in Allah ya yarda. Amma ki sani, yanzu yatsunki sun fi nawa ji."

Na raka shi bakin layi. Mutumin da ke zuwa Gbégamey da ƙafa, ranar zem ya hau zuwa rumfarsa da ke nan kusa.

Sai aka yi ruwan nan mai yawa. Bayansa saman gadon ya fara kuka. Nana ta juya, ya ce ƙiiƙ. Na kama ƙafarsa na girgiza, na ga saman yana tafiya daban da ƙasan.

Na sauko da su, na shimfiɗa musu tabarma. Amma kun san simintin ɗakunanmu da damina, ruwa ne ke tsattsafowa ta ƙasa. Tabarma ta jiƙe, na sa kwali, kwali ya jiƙe. Mubarak ya fara tari. Gado ina tsoro, ƙasa ina tsoro. Maigida yana can arewa, kuma Allah ya sani, in ya dawo ya ji gadon nan yana kuka, zuciyarsa ba za ta bar shi ya tsaya a yatsu ba. Sai na ce bari in jira Baba.

Yau Hajiya ta ɗaga labule.

Na yi kuka har na gaji. Kukan Baba ne, amma ba zan ɓoye muku ba, har da kukan kaina. Ina ta cewa a raina, to yanzu wa zai zo? Sai Mubarak ya yi tari daga kan tabarmar nan mai sanyi. Na tashi na share fuska, na zura hannu ƙarƙashin gado na ciro kile.

Hajiya ta ce, "Ke, me za ki yi?" Na ce riƙe mini Mubarak, Hajiya, ki fitar da Nana tsakar gida.

Na sauke katifar sama. Na yi bisimilla.

Na farko da na taɓa, da yatsa kaɗai yake juyawa, har ina ganin haske ta tsakanin falanki da ƙafa. Ban gama da shi ba, na kama shi kaɗan na wuce na gaba, na zagaya duka, sannan na dawo. Na juya har tsagar ta rufe. Na ji nauyin nan. Na ƙara ɗan kaɗan.

Hajiya tana bakin ƙofa da yaro a kafaɗa, ta ce, "Ƙara mana! Ɗaure shi tamau, yara ne fa za su hau."

Wallahi zuciyata ma abin da take faɗa ke nan. Hannuna har ya fara neman dogon gefen. Yau na gane maigidana ba wauta ce ta sa shi ɗauko bututu ba, tsoro ne. Irin wanda nake ji.

Na ce, "Hajiya, Baba ya ce in ya tsaya, ya tsaya."

Ta ce, "Baban ai ba ya nan, ɗiyar nan. In kin yi kuskure wa zai gyara?"

Na ce, "Shi ya sa ba zan ƙara ba."

Na cire kile. Na bi sauran haka, ɗaya bayan ɗaya. Akwai wanda na taɓa na ji yana nan daram, na wuce shi ban dame shi ba.

Da na gama na kama ƙafar gado na girgiza. Shiru. Ban yarda ba. Na ɗaure zani na hau sama da kaina, na zauna, na kwanta, na juya dama, na juya hagu. Shiru. Na ce, "Hajiya, zo ki hau ke ma." Ta ce, "Ni? Da wannan jikin? So kike a yi jana'iza biyu yau a Zongo?" Muka yi dariya, hawaye na zuba. Amma ta ajiye yaro ta kama gadon da hannu biyu ta jijjiga shi da duk ƙarfinta. Ta sake shi, ta dube ni ta ce, "Allah ya jiƙan Alasan."

Maigida ya kira, labari ya kai musu can a hanya. Muryarsa ta dushe. Ya ce, "Ki bar yaran a ƙasa, in na dawo zan duba gadon." Na ce na riga na duba. Ya ce, "Da me kika ɗaure?" Na ce da yatsuna. Sai ya ce, "To kada ki bari in taɓa shi."

Bayan azahar na ji maza suna wucewa da Baba ta bakin layinmu. Ban fita ba. Ina tsaye ina kallon Nana tana barci a sama, Mubarak a ƙasa, a kan busasshiyar katifa.

Ba zan ce muku tsoro ya tafi ba. Yanzu haka a bakin gadon nake zaune ina wannan magana, kunnena ɗaya yana wajensa. Nana ta juya ɗazu, sai da numfashina ya tsaya. Gadon bai ce komai ba.

Ni Maman Nana, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, ina da malami. Kuma duk Kwatano ban ga wanda ya fi ni malami ba.

Matan Zongo, da na Gbégamey, da duk inda ƙafarsa ta taɓa kaiwa, bana bai gama zagayensa ba. Akwai gadajen da bai kai gare su ba. Ku kama ƙafar gadon 'ya'yanku ku girgiza. In kun ji kuka, kada ku jira kamar yadda na jira, kuma kada ku bari a zo masa da ƙarfi. Wadda take tsoro ta aiko gidan Hajiya Ladi a kira ni bayan sadakar uku. Ban iya komai da ya iya ba, wannan ɗaya kaɗai na iya. Zan zo da goyona mu tsugunna tare, amma ke za ki riƙe kile ɗin.

Allah ka jiƙan Baba Alasan. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Yadda ya bi gida-gida don 'ya'yan mutane su kwana lafiya, Allah ka yalwata masa makwancinsa, ka sanyaya shi, kada ƙasa ta matse shi. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka ba mu mu ma.

Duk wanda maganar nan ta kai gare shi, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah kada ka wuce haka. Ka karanta masa Ƙulhuwallahu, ka ambaci sunansa, Alasan. In kana da yaro kusa da kai, ka ce ya ce amin.